Tsohuwar Kebbe da Takardar Faɗuwa

Ina cikin shekarata ta huɗu a sashen gaggawa na asibitin da nake aikin jinya a Tambuwal aka kawo mana wata sabuwar takarda, shafi ɗaya tak. Aka ce daga yau duk tsoho ko tsohuwar da aka kawo, ko ciwon ciki ne ya kawo su, ba za a sallame su ba sai an yi musu tambayoyi uku. Ko sun faɗi a cikin shekarar da ta wuce. Ko suna jin ƙafafu ba sa ɗaukarsu sosai in sun miƙe. Ko suna tsoron faɗuwa. Bayan haka a zaunar da mutum a kujera, a ce ya tashi ya taka zuwa wani layi da muka ja da fenti a ƙasa, ya juyo ya dawo ya zauna, kana duba agogo.

Abokan aikina ba su yi maraba da ita ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wurin da ake shigo da wanda babur ya kaɗe da wanda maciji ya sara, wa ke da sararin tsayawa kallon tafiyar tsoho? Ni na ɗauki aikin, don ni ce ba na saurin komawa gida. Mijina ya rasu shekara biyu kafin nan, 'yarmu ɗaya tana aure a Gusau. Ɗaki biyu nake zaune a bayan asibiti, in na tashi aiki babu mai jirana sai tukunyar da na bari.

Yawancin tsofaffin dariya suke yi mini. Maza kan ce, "Ni da nike noma da hannuna?" Makiyaya kuwa, in na ce su taka zuwa layi, sai su wuce shi su kai bakin ƙofa, su juyo suna kallona kamar in ba su wani aikin da ya fi wannan.

Wata Alhamis da azahar, cikin tsananin zafin bazara, wasu mata uku suka shigo riƙe da wata tsohuwa. Daga Kebbe ta zo sunan jikan wata 'yar uwarta, ta miƙe za ta yi alwala sai jiri ya ɗebe ta, Allah ya sa akwai mutane kusa suka tare ta. 'Yar siririya ce, fara sol, da farin hijabi mai tsabta da carbi a naɗe a hannu. Muka kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa. Kafin la'asar ta dawo hayyacinta, har tana tambaya ko an ɗauko mata takalmanta daga gidan sunan.

Ni ma haifaffiyar Kebbe ce, ko da yake iyayena sun rasu, 'yan uwa sun watse, na daɗe ban taka garin ba. Da na faɗa mata unguwarmu sai ta dube ni da kyau, ta ce ta san mahaifiyata, mai ƙosai a bakin masallaci. Na jima ban ji wani ya ambaci mahaifiyata ba. Na ɗauko takardata na ja kujera kusa da gadonta.

Na ce, "Inna, ko kin taɓa faɗuwa a cikin shekarar nan?"

Ta ce, "A'a."

"In kin miƙe, kina jin ƙafafunki ba su ɗauke ki ba?"

"Lafiya lau suke, ɗiyata."

"Kina tsoron faɗuwa?"

Ta ce, "Allah kaɗai nika tsoro."

Na rubuta a'a sau uku. Da ruwan ya ƙare na zaunar da ita a kujera, na ce ta tashi ta taka zuwa layin. Sai da ta yunƙura sau biyu kafin ta miƙe. Ta yi taku uku, hannunta ya kai ga ƙarfen gado, ta sake shi da sauri kamar ta taɓa garwashi. A wurin juyawa kuwa sai da na tare ta da kafaɗa. A nan hannun hijabin ya zame, na ga tabon ƙujewa daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu, wani ya warke, wani bai gama ba.

Na roƙi matan da suka kawo ta su je su samo mata kunu. Da suka fita na auna jininta tana kwance, na sake aunawa tana tsaye, na ga yana sauka sosai in ta miƙe. Na tambaye ta maganin da take sha. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙunshi biyu. Ɗaya ɗanta ke aiko mata daga Sakkwato, ɗaya ita ke aikawa a saya mata a kemis. Kwalayen sun bambanta, amma maganin hawan jini iri ɗaya ne, tana shan su duka biyun kowace safiya.

Na ce, "Inna, wannan ciwon na hannunki fa?"

Can ta ce, "Sau fuɗu."

Ta lissafa mini su a hankali, tana kallon bango. Ɗaya a dokin ƙofar ɗakinta. Ɗaya a bakin rijiya. Ɗaya tana tasowa daga sujada. Na huɗun a makewayi ne, inda ta zame tun da hantsi, ta kasa tashi, ta kwanta a jiƙaƙƙen siminti har aka kira azahar. Tana jin maƙwabta suna daka ta bayan katanga, amma ba ta yi kira ba, don babu sutura a jikinta. Da jan ciki ta kai ga ƙofa, ta kama ta ta miƙe.

Na ce, "Wa kika gaya wa?"

Ta ce, "Ke."

Ita kaɗai take zaune a gidan tun rasuwar mijinta, wanda malami ne mai karantarwa a zaure. Ita ma tana karantar da matan aure a cikin gida, kullum bayan la'asar. A da tabarma shida ba ta isarsu, yanzu saura mata biyar, duk sun manyanta, ɗaya ma saura mata izu uku ta sauke. Ɗanta namiji ɗaya ne, ma'aikaci a Sakkwato, ya daɗe yana so ya ɗauke ta.

Ta ce, "In ya ji wagga magana, ba shi barina in kwana Kebbe. Kada ki rubuta."

Na ce mata ba zan iya barin takardar da a'a uku ba, don likita na bukatar sani kafin ya gyara mata magani. Amma na yi mata alkawarin ba zan gaya wa ɗanta da bakina ba sai da izininta. Ta kalli biron da ke hannuna har na gama gyara amsoshin, sannan ta juya fuska.

Abin da ban yi tunani ba shi ne takarda ba ta yi wa kowa alkawari ba. Washegari da safe ɗan ya iso, tun kafin in fito aiki. Ya tambayi likita abin da ke damun mahaifiyarsa, likita ya buɗe katinta ya karanta masa abin da na rubuta. Lokacin da na shigo yana tsaye a gefen gadon, mutum mai kamar shekara hamsin, hularsa a hannu, idanunsa jajur.

Yana cewa, "Inna, daga hantsi har azahar? Ina raye?"

Ni ta duba. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma na fi son a ce zagina ta yi.

Na roƙe shi mu fita baranda. Na gaya masa an gano babban dalilin jirin, likita ya tsayar da ɗaya maganin, kuma akwai yanar ido da za a iya cire mata. Na ce sauran gyaran na gida ne, ba na jiki ba. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Hajiya, in ta faɗi ta karye a ƙugu, ke za ki ɗauki alhakin?"

Na ce ba zan iya ba. Na ga tsofaffin da karayar ƙugu ta kwantar, na san kaɗan ne ke sake tashi. Amma na ce ya ba ni dama in je in ga gidan. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, don ba ya cikin aikina. Ya yi tunani, ya ce ya yarda a bar ta har bayan kaka, bisa sharaɗi ɗaya: in ta sake faɗuwa, ko sau ɗaya, sai na gaya masa. Muka koma ciki ya maimaita sharaɗin a gabanta. Ta ce ta ji. Na ce, "Inna, ni kuma ba za ki ɓoye mini ba?" Ta ce ba za ta ɓoye ba.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga motar Kebbe. An yi ruwan farko a makon, ƙasa ta yi duhu, mutane sun fita shuka. Da na sauka a tasha ban ga fuskar da na sani ba. Na hau kabu-kabu, muka bi ta ƙofar tsohon gidanmu, na tarar an mai da zauren shagon cajin waya. Ban ce wa mai babur ya tsaya ba.

Gidanta babba ne, ɗakuna biyar, huɗu a kulle. A zaure alluna na jingine da bango, da buzun mijinta a naɗe. Na zaga ko'ina da ita, tana riƙe da hannuna. Dokin ƙofar ɗakinta ya kai tsawon taƙi. Simintin makewayi ya yi gansakuka. Daga ɗaki zuwa makewayin sai an ratsa tsakar gida duka, babu abin dafawa, ga turmi da itace a hanya. Silifas ɗinta sun cinye har sun zama kamar ganye.

Wani maƙwabcinta magini ne, matarsa na cikin masu karatu a wurinta. Ya zo ya sassare dokin ƙofar, ya kankare simintin ya yi masa zane-zane don kada ya yi santsi, ya kafa sanduna uku na ƙarfe a jikin bango. Muka ɗaura igiya mai kauri daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi. Matarsa ta ɗauki alkawarin cika mata randa kullum don ta daina zuwa rijiya, da leƙo ta safe da yamma. Na kawo mata takalmi mai maɗauri da sanda. Takalmin ta karɓa. Sandar kuwa ta ce in jingine ta a bayan ƙofa.

Na koya mata in ta farka ta zauna a bakin gado ta yi tasbihi talatin da uku kafin ta miƙe. Wannan ta yi mata daɗi. Maganar salla a zaune ce ta ƙi saurara, ko da yake ta fi ni sanin hukuncin. Ta ce ta sani sarai ya halatta, ita ce ta karantar da shi, amma ba ta kai nan ba tukuna.

Bayan la'asar ɗalibanta suka zo. Na zauna a gefe na saurara. Muryarta a wurin karatu daban take da wadda na sani a asibiti. Ba ta duba takarda, idon ma ba ya gani sosai, amma ko wasali ɗaya aka karkata sai ta ɗaga yatsa.

Daga nan na riƙa zuwa duk bayan mako biyu. Ina gaya wa kaina duba mara lafiya nake zuwa yi. Gaskiyar ita ce Asabar tana yi mini tsawo a ɗakina. A can kuwa akwai wanda zai ce na rame, ya tura mini kwanon tuwon dawa da miyar kuka, ya yi mini faɗa in na rage. Takan ba ni labarin mahaifiyata tana budurwa, abubuwan da ban taɓa ji ba, har da yadda ta taɓa bin akuya da muciya har cikin masallaci. Takan tambaye ni me ya sa ban sake aure ba, in ce ban sani ba, ta ce ita ma ba ta san me ya sa take tambaya ba. Wata rana ta sa na karanta mata Tabaraka, ta gyara mini wuri bakwai. Maganar takarda ba ta sake tayar da ita ba, ni ma haka.

Duk damina ba ta faɗi ba. Jirin ya tafi. In na sa ta tashi ta taka a tsakar gida, tana yi da sauri fiye da ranar farko, har tana tsokanata in duba agogona da kyau.

Gero ya nuna, ana yanka, na je wata Asabar na same ta zaune a bakin ƙofa tana jirana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Na faɗi ranar Talata."

Ta sunkuya ne za ta ɗauki buta, sai ta tafi gaba ɗaya ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ba ta ji ciwo ba, ta tashi da kanta, babu wanda ya gani. Na duba hannuwanta da gwiwoyinta, ko ƙwarzane babu.

Na zauna kusa da ita. Can na ce, "Inna, wannan ai tuntuɓe ne, ba sai an kira shi faɗuwa ba."

Ta ce, "Hannuna ya taɓa ƙasa ba da nufina ba. Ke kika ce min shi ne faɗuwa."

Ni na faɗa mata haka, a asibiti, daga abin da ke rubuce a bayan takardar.

Na ce, "To me ya sa kika gaya mini?"

Ta ce, "Na ce ba ni ɓoye miki. Ke ma kin ce ba ki ɓoye mishi. Kwana fuɗu ina tunani, ban ga hanyar da za mu bi mu duka biyu mu fita ba. Kira shi."

Na ce mu bari sai an gama girbi. Ta ce in kira shi yanzu tana zaune, don ta ji abin da zan ce. Na kira shi a gabanta. Na faɗa masa komai, har da cewa ba ta ji ciwo ba, kuma ta fi ƙarfi yanzu fiye da lokacin da ya gan ta a asibiti. Ya yi mini godiya sosai. Ya ce zai zo ranar Juma'a.

Ban je ranar da aka ɗauke ta ba, ina aiki. Matar maginin ce ta gaya mini a waya cewa sai da tsohuwar ta zauna da mai izu ukun kwana biyar a jere, safe da yamma, suka ci izu ɗaya, ta damƙa ta ga wata malama a unguwar gaba. Ta kulle ɗakinta da hannunta, ta saka makullin a bakin zani.

Sai bayan wata huɗu na samu zuwa Sakkwato. Gidan ɗanta mai kyau ne, kuma ba abin da suka rage ta da shi. An yi mata aikin ido, tana gani. An ba ta ɗaki a ƙasa mai banɗaki a ciki, da fanka, da katifa mai kauri. Matar ɗan mutuniyar kirki ce, ita ke kai mata abinci da ruwan alwala har bakin katifa. Ƙasan gidan duk tayil ne mai sheƙi, don haka an hana ta fita falo sai da mai riƙe ta, kuma kowa na fita aiki ko makaranta tun safe.

Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi haske. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta tambaye ni ko an yi gero a Kebbe, ko maginin ya gyara indararon da ke zuba a zaure, ko ɗalibar nan tata ta sauke. Na ce saura mata izu ɗaya. Ta gyaɗa kai.

Ta ce, "Tun da na zo ban faɗi ba. Ki rubuta."

Na ce ta tashi mu ɗan taka. Ta yunƙura sau uku ba ta miƙe ba, sai da na sa hannu a hammatarta. Ƙafafun sun yi laushi saboda zama. Muka fita harabar gida, daga ƙofa zuwa gindin wata bishiyar mangwaro, muka dawo. Nauyinta duka yana kaina. A hanya ta gaya mini yanzu a zaune take salla.

Kafin in tafi na yi magana da ɗan. Na ce zaman nan zai cinye mata ƙafafu, a riƙa fita da ita tana takawa kullum, a shimfiɗa darduma a kan tayil ɗin, in da hali a samo mata ko mutum biyu da za ta riƙa yi wa karatu. Ya ce in sha Allah. Na yarda ya yi niyya. Daga baya ya gaya mini sun shimfiɗa dardumar, kuma matarsa ta fara ɗaukar karatu a wurinta ranakun da ba ta zuwa aiki.

Ta rasu a farkon bazarar da ta biyo baya, bayan zazzaɓin kwana uku, a kan katifarta, ɗanta na riƙe da ita. Shi ya kira ni da kansa. Ya ce a cikin makon ta roƙe shi ya kai ta Kebbe ta kwana biyu, ya ce mata sai an yi hutu. Sannan ya tambaye ni ko a ganina ya yi kuskure da ya ɗauko ta.

Na ce masa ban sani ba. Na ce na ga abin da faɗuwa ke yi wa tsofaffi, kuma na ga abin da zama ke yi musu, kuma da aka bar ta a Kebbe mai yiwuwa ne a wayi gari a same ta a ƙasa. Ya ce haka ne. Muka yi mata addu'a, ya kashe wayar.

Lokacin ina tsaye ne a barandar sashenmu, rana ta take. A ciki an kwantar da wani dattijo daga Dogon Daji mai ciwon fitsari, 'ya'yansa na jiran a sallame shi don su sami mota. Na shiga banɗakin ma'aikata na wanke fuskata, na jira har idanuna suka washe, sannan na fito na ɗauko takardata na ce musu su ƙara mini minti goma.